Motsin Ciki da Hanji: Darasi ga Masu Kiwo

1. Abinci ba ya gangarawa da kansa

Mutane da yawa suna zaton in an haɗiye abinci faɗawa yake yi ƙasa, kamar guga cikin rijiya. Ba haka ba ne. Ku dubi doki ko raƙumi sa'ad da yake shan ruwa a rafi. Kansa yana ƙasa, cikinsa yana sama, amma ruwan hawa yake yi. Me ke tura shi sama? Tsoka ce.

Tun daga maƙogwaro har zuwa mafitar kashi hanya ɗaya ce doguwa, jikinta duk tsoka ne. Tsokar nan iri biyu ce. Ɗaya ta kewaye hanji kamar zobe, ɗaya ta bi tsawonsa. In suka matsa, sai abinci ya yi gaba. Ba ka umurtarsu kamar yadda kake umurtar hannunka. Kana barci suna aiki, kana noma suna aiki.

Hanyar nan tana da tsawo ƙwarai. Ƙaramin hanjin mutum ya kai mita 6. Na alade mita 15 zuwa 20 ne. Na tunkiya ya kai mita 25, na sa kuwa wajen mita 40. To, abin da zai yi tafiya mai nisa haka, lalle yana bukatar mai kora. Ran da mai korar ya tsaya, ran nan dabba ta kwanta.

Wannan darasi zai nuna mana abin da ke tayar da motsin nan da abin da ke tsai da shi. Wanda ya gane shi ba zai yi hasarar ragon layyarsa ko san huɗarsa a banza ba.

2. Motsi iri uku

Motsi na farko shi ne damu. Hanji yana matsawa nan, ya saki, ya matsa can, ya saki, kamar mace tana dama fura da ludayi. Da haka abinci ke gauraya da ruwan da ke narkar da shi, jiki ya tsotse amfaninsa.

Motsi na biyu shi ne turi. Kowa ya ga yadda ake wanke kayan ciki ran Salla. Mai wankewa yakan matse hanji da yatsu biyu, ya ja, abin da ke ciki ya yi gaba. Haka hanji mai rai yake yi wa kansa. Bayan lomar yana matsewa, gabanta yana buɗewa. Waɗansu masana biyu a Landan, Bayliss da Starling, su suka bayyana wannan a shekarar 1899.

Motsi na uku shi ne shara. Wannan ba ya zuwa sai ciki ya zama wayam. Matsi mai ƙarfi yakan taso daga ciki, ya bi ƙaramin hanji sannu sannu har ƙarshensa, yana share ragowar abinci da majina da ƙwayoyin cuta. In ya kai ƙarshe, sai wani ya taso. A jikin mutum yana komowa bayan awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Wani masani a Amurka, mai suna Szurszewski, shi ya kwatanta shi a jikin karnuka a shekarar 1969. Ƙugin da kukan ji cikinku yana yi da yunwa, sau da yawa sharar nan ce ake yi. Uwargida ta gari ba ta shara baƙi na cin abinci. Sai sun tashi take ɗaukar tsintsiya. Haka hanjin mutum yake.

3. Abin da aka koya daga alade

Musulmi ba ya cin alade, ba ya kiwonsa. A ƙasarmu ta Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, shanu da tumaki da awaki muka fi sani. Sai an yi kudu, wajen Kafanchan, ake samun babbar kasuwar aladu. To, me ya kawo zancensa cikin darasinmu?

Dalili shi ne, cikin alade ya yi kama da cikin mutum. Ɗaki ɗaya gare shi, ba ya tuƙa, yana cin hatsi da ganye da nama. Saboda haka likitoci sukan gwada abu a jikinsa don su gane jikin ɗan Adam.

A makarantar likitocin dabbobi ta birnin Tulus, a ƙasar Faransa, waɗansu malamai biyu, Ruckebusch da Bueno, sun yi wani gwaji, suka bayyana shi a shekarar 1976. Kowace tsoka in za ta motsa takan fitar da 'yar wutar lantarki kaɗan, wadda ba a ji, ba a gani. Sai suka ɗinka siraran wayoyi a jikin ciki da hanjin aladu, suka haɗa da na'ura mai zana layi a takarda. Dare da rana na'ura tana rubuta motsin hanji. Sa'an nan suka riƙa sake yadda ake ba aladun abinci.

Ga abin da suka gani. Aladen da ke jin yunwa, shara tana komowa a hanjinsa a kai a kai. Wanda aka tara wa abincin yini aka ba shi gaba ɗaya, ya cika ciki tim, shararsa takan tsaya awoyi da dama, hanji ya duƙufa kan damu da turi kaɗai. In an raba abincin kashi biyu, tsayawar ba ta kai haka daɗewa ba. Wanda kuwa aka bar wa abinci a gabansa, yana ci kaɗan kaɗan sa'ad da ya so, shararsa ba ta yanke ba, tana tafiya kusan kamar ta mai yunwa.

Ashe ba irin abinci kaɗai ke juya hanji ba. Yawan abin da ya shiga a lokaci ɗaya, da tazarar da ke tsakanin ci da ci, su ma suna juya shi. Ku riƙe wannan da kyau, shi ne gindin darasinmu.

4. Sama da ƙasa suna aika wa juna saƙo

Ciki yana sama, babban hanji yana ƙasa, amma jijiyoyi sun haɗa su. In abinci ya shiga ciki ya buɗe shi, sai saƙo ya tafi ga babban hanji cewa baƙi suna tafe, a ba su wuri. Nan da nan babban hanji ya fara tura abin da ya tara. Kowace uwa ta san wannan, don jariri yakan yi kashi da zarar ya sha mama. Shi ya sa mutane da yawa sukan ji bukatar zagayawa bayan karin kumallo.

Saƙo kuma yana komawa sama. In ƙarshen hanji ya cika bai zubar ba, sai ya aika wa ciki cewa a dakata, babu wuri. Ciki ya rage sakin abinci. An gwada wannan a jikin mutane. Waɗanda suka riƙe bayan gida da gangan na 'yan kwanaki, an ga abinci ya fi daɗewa a cikinsu kafin ya wuce. Don haka yaron da ya kwana uku bai zagaya ba yakan ƙi tuwo. Ba taurin kai ba ne, kada a doke shi. A ba shi ruwa da yawa, da miyar ganye, da gwanda ko mangwaro. In cikinsa ya kumbura, ko yana amai, ko yana kukan ciwo, a kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Akwai abu na uku da ke taɓa motsin nan, watau tsoro da fushi. Wajen shekarar 1897 wani ɗalibin likita a Amurka, Walter Cannon, ya gauraya abincin kyanwa da wani gari mai fitowa a hoton asibiti, ya zauna yana kallon cikinta yana motsi. Da kyanwa ta fusata ko ta firgita, sai ya ga motsin ya tsaya cik. Da ta kwantar da hankali, sai ya komo. Saboda haka dabbar da ake kora da duka, ko aka kwana ana tafiya da ita cikin mota, kada a yi mamaki in ta ƙi ci.

5. Cikin dabbobinmu masu tuƙa

Yanzu bari mu komo gida. Sa da rago da akuya ba kamar alade suke ba. Cikinsu ɗaki huɗu ne. Na farko shi ne tumbi, babba ƙwarai, na babban sa yana iya ɗaukar lita 100. Na biyu yana da zane kamar saƙar zuma. Na uku shafi shafi ne kamar littafi. Na huɗu shi ne ya yi daidai da cikin mutum. In kun je wurin mahauci, ku roƙe shi ya nuna muku su ɗaya ɗaya. Gani ya kori ji.

A cikin tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su ƙidayuwa. Su ke ruɓar da ciyawa har ta zama abin amfani ga jiki. Suna cikin wannan aiki suna fitar da iska mai yawa. Bayan babbar saniya ta ƙoshi, iskar tana iya kai lita 30 zuwa 50 a awa ɗaya. Ina take zuwa? Da gyatsa take fita. Gyatsar kuwa ba ta yiwuwa sai tumbi ya matsa ya tura iskar bakin maƙogwaro.

Tumbin dabba mai lafiya yakan juya sau ɗaya ko sau biyu a minti ɗaya. In tana ci yakan ƙara sauri. Abin da ke zuga shi shi ne abinci mai kaushi, irin su ciyawa, da harawa, da karan dawa, masu sosa jikinsa. Su ne kuma ke sa tuƙa. Saniya takan yi wajen awa 8 a yini tana tuƙa, tana haɗiyar yawu mai yawa, yawun nan kuwa shi ke kashe tsamin tumbi, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya.

Da yake tumbi yana sakin abinci kaɗan kaɗan dare da rana, hanjin mai tuƙa bai san ƙoshi da yunwa irin namu ba. Shararsa tana tafiya kullum, kamar ta aladen nan da aka bar wa abinci a gabansa. An halicci waɗannan dabbobi don ci kaɗan kaɗan na tsawon yini. Duk wanda ya ɗora musu babban ci na gaba ɗaya, ya saɓa wa halittarsu.

6. Yadda za ka ji motsin tumbi da hannunka

Wannan ba ya bukatar kuɗi ko na'ura. Ka tsaya a gefen hagu na dabbar. Bayan haƙarƙari na ƙarshe, gaban ƙashin ƙugu, akwai wani ɗan loko a kwiɓi. Ka dunƙule hannunka ka danna wurin, ka dakata. Za ka ji tumbi ya taso ya ture hannunka, sa'an nan ya koma. In ka kara kunne za ka ji ƙara kamar cida daga nesa.

Ka duba agogo ko wayarka, ka ƙidaya na minti biyu. In ka ji sau biyu, ko uku, ko huɗu, lafiya lau. In sau ɗaya ne mara ƙarfi, ka sa ido. In ba ka ji kome ba, dabbarka tana cikin hatsari, ko da tana tsaye da ƙafafunta. Ka koyi wannan tun tana da lafiya, don ka san bambanci ran da ta kasa.

7. Abubuwa huɗu masu tsai da tumbi

Na ɗaya, hatsi mai yawa gaba ɗaya. Da kaka masara takan cika gidaje a ƙasar Doguwa, shinkafa a Tudun Wada, dawa ko'ina. Ana shanya a fili, sai rago ya tsinke ya auka wa shanya. Ko kuwa mutum ya sayo rago ana saura wata ɗaya Salla, yana so ya yi ƙiba da sauri, ya cika masa kwano da dawa da ragowar tuwo. Hatsin yakan yi tsami a tumbi, tsamin ya kashe ƙananan halittun nan masu amfani, tumbi ya tsaya. Cikin yini ɗaya ko biyu sai a ga dabba ta daina tuƙa, tana tangaɗi, tana zawo mai warin tsami. Da yawa ba su tashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In kun kama dabba ta ci hatsi da yawa, ku janye hatsin, kada ku bar ta ta cika ciki da ruwa nan take, ku ba ta busasshiyar harawa, ku riƙa zagayawa da ita, ku aika a kira malamin dabbobi tun ba ta kwanta ba.

Na biyu, ɗanyar ciyawa ga mai yunwa. Da farkon damina dabbobi sun sha wuyar rani, sai ga sabon tsiro. Haka kuma wuraren noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ba su rasa ɗanyen ganye. In dabba mai yunwa ta cika tumbi da ɗanyen ganyen wake ko na gyaɗa, musamman mai raɓa, abin yakan yi kumfa kamar sabulu. Iska ta maƙale cikin kumfa, gyatsa ta gagara. Kwiɓin hagu ya tashi ya yi tauri kamar ganga, ya danne huhu, numfashi ya yi wuya. Wannan yana kisa cikin awa ɗaya ko biyu.

Taimakon farko shi ne a tsai da dabbar gabanta ya fi bayanta tudu, a ɗura mata man gyaɗa don ya fasa kumfar. Sa, rubu'in lita zuwa rabin lita. Rago ko akuya, kashi ɗaya cikin biyar na wannan. A ɗura sannu sannu ta gefen baki, kada a ɗaga kai sama ƙwarai, kada a riƙe harshe. In ta yi tari a dakata, don in mai ya bi hanyar huhu wata cutar ce. Huda kwiɓi kuwa aikin wanda ya koya ne.

Ku kiyayi gyauron dawa kuma, watau sabon tohon da ke fitowa bayan an yanke kara. Yana da dafi na kansa mai kisa da sauri.

Na uku, leda. Da rani, in ciyawa ta ƙare, awaki da tumaki sukan bi juji da bakin kasuwa suna lasar ledar da aka zuba abinci. Leda ba ta narkewa, ba ta wucewa. Takan taru a tumbi ta nannaɗe ta zama dunƙule. Tumbi ya ji kamar ya cika, dabba ta rage ci. Sai ka ga ciki tulu, amma haƙarƙari a waje, kashi ɗan kaɗan. Babu jiƙon da ke narkar da leda, sai dai likita ya yi aiki ya fitar. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farke tumbi.

Na huɗu, busasshen abinci ba ruwa. Ƙaiƙayin shinkafa da busasshen kara, in babu isasshen ruwa, sukan cushe su yi tauri a ciki. Kun tuna in ƙasa ta cika, sama takan dakata. Da zafin bazara sa yana bukatar ruwa lita 30 zuwa 40 a yini ko fiye, watau wajen jarka biyu. Rago yana bukatar lita 4 ko 5. Masu sayen dusa a injin shinkafa su duba da kyau, dusa daban, ƙaiƙayi daban.

8. Dokokin mai turka

Rigakafi ya fi magani. Ga dokoki shida, ku haddace su.

Ɗaya. Harawa ko ciyawa tukuna, sa'an nan dusa da hatsi.

Biyu. A raba dusa da hatsin yini kashi biyu ko uku. Kada a ba da su gaba ɗaya.

Uku. Sabon abinci, a fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa har mako biyu ko uku, don halittun tumbi su saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Huɗu. Da farkon damina a ba dabba busasshen abinci kafin a sake ta, a jira raɓa ta bushe.

Biyar. Ruwa mai tsabta kullum. A tsince leda daga tsakar gida da wurin turke.

Shida. Kowace safiya a duba abu uku: tana tuƙa? ta yi kashi? tumbi yana motsi?

Makiyayan da ke bin gefen dajin Falgore sun daɗe da sanin ta shida. Bafillace yakan zagaya garkensa da asuba, saniyar da ya ga ba ta tuƙa ita yake fara dubawa. Abin da ya gada daga iyayensa, shi masana suka tabbatar da waya da na'ura. Akwai malaman dabbobi a ƙananan hukumominmu, akwai cibiyar binciken kiwo a Shika kusa da Zariya, da ta cututtukan dabbobi a Vom, wadda ke can tun shekarar 1924. Don amfaninmu aka kafa su. Kuɗin kiran malami bai kai kuɗin rago ba.

Tambayoyi

1. Me ke tura ruwa sama a wuyan doki in yana sha?
2. Ku faɗi motsin hanji iri uku. Wanne ne ke zuwa sa'ad da ciki ya zama wayam?
3. Don me likitoci ke yin gwaji a jikin alade?
4. Me ya faru da aladen da aka ba abincin yini gaba ɗaya?
5. Don me yaron da bai zagaya ba yake ƙin abinci?
6. A wane gefe ake jin motsin tumbi? Sau nawa ya kamata a ji a minti biyu?
7. Sa ɗaya yana shan ruwa lita 40 a yini. Lita nawa shanun huɗa biyu za su sha a mako ɗaya?

Aikin gida

Kowa ya ƙidaya motsin tumbin dabbarsa, ko ta maƙwabcinsa, safe da yamma har kwana uku. Ya rubuta rana da lamba a littafinsa da hannunsa. Ran da aji ya sake zama za mu karanta, mu gwada na kowa da na kowa.